HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: WA ZAI GYARA RUFIN GIDAN TARAYYA?

 

Yau ba maganar zaɓe ce ta tara mu ba, ba kuwa ta haraji ba. Abin da za mu yi magana a kai shi ne abin da ke bisa kan ko wannenmu in ya kwanta da dare, watau rufin ɗaki. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai ƙaramar magana ce, ba ta isa a tara mutane ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a tsaye da tabarmarsa a naɗe a hammata ba, uwargida tana jera kwanoni da bokitai a tsakar ɗaki, yara suna kuka, ruwa yana ɗiga har asuba. Mu kuwa mun kwana haka, ku ma kun kwana.

Da a ce ko wane mutum yana da gidansa shi kaɗai, da maganar ta yi sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, shi zai hau ya toshe. Amma mu talakawan Kano, mutum nawa ne cikinmu ke da gida shi kaɗai? Wani yana gidan gado a cikin birni, tare da 'yan'uwansa da 'ya'yan baffanninsa, kowa da sashensa. Wani yana gidan haya a Fagge ko Kurna ko Gwagwarwa, ɗakuna 10 a jere, kwano ɗaya ya rufe su. Wani yana ƙasa, wani yana bene a kansa. Wani kuwa katangarsa ɗaya da maƙwabcinsa. A kasuwa ma haka abin ya ke, shago yana jikin shago. To, in rufin da ya tara mu ya soma yoyo, wa zai gyara? Wa zai biya? Nawa kowa zai bayar? Wannan tambaya ita ce ke kai 'yan uwa ɗaya uba ɗaya gaban alƙali, ita ce ke raba maƙwabtan shekara 30.

RUWA BAI SAN RABON GADO BA

Bari mu fara da ruwan kansa, gama sai an san ciwo a ke neman magani.

Ku ɗauki ɗaki madaidaici, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 4. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda mu kan gani a watan Agusta, ruwan da ya sauka a kan wannan ɗaki kaɗai lita 800 ne, watau durom 4 cike. Nauyinsa kuwa daidai da buhun siminti 16. In gidan mai ɗaki 10 ne, kun ga durom 40 ke nan a dare ɗaya. Duk wannan ruwa tilas ya sami hanyar sauka. In ba ka ba shi hanya ba, shi zai yi wa kansa.

Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba su yi wasa da soro ba. Magini ya kan jera azara, wadda a ke tsagawa daga giginya, ita kuwa gara ba ta cinta da sauƙi. Ba ya yarda ta yi tazara mai yawa ba madogari, sabo da azara ba ta jure nauyin ƙasa in tsakanin ya wuce kamar ƙafa 6. Sa'an nan a shimfiɗa zana ko ƙirare, a ɗora ƙasa, a karkata ta wajen indararo. Daga bisani a shafe da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, ko kuwa a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Laso ya kan daɗe, makuba kuwa sai ana sabuntawa. Da bazara ta kama, mai gida ya kan hau soro ya duba tsaga, ya cire ciyawa, ya share bakin indararo, a yi yaɓe. Wannan aiki ba a tsallake shi ko shekara ɗaya.

Yau galibin rufinmu kwano ne. Kwano ba ya son yaɓe, amma yana da nasa ciwon. Ya kan yi yoyo ta ramin kusa, ya kan yi tsatsa inda ganye da shara suka kwanta, iskar farkon damina ta kan ɗaga shi in katakon da ke ƙarƙashi ya ruɓe ko gara ta cinye. Wurin da ya fi ko ina haɗari shi ne kwarin da ke tsakanin rufi biyu, inda ruwanka da ruwan maƙwabcinka ke gamuwa. Nan ne kowa ke cewa ba nasa ba ne. Akwai kuma waɗanda suka shafe ginin ƙasa da siminti suka saki jiki. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. In simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba ya samun hanyar bushewa, sai ya yi ta cin katangar a ɓoye, daga waje kuwa gini fes.

Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, inda ruwa ya shiga daban, inda ya ɗiga daban. Ramin yana kan ɗakin Yaya, ruwan ya bi katako ko azara ya sauka a ɗakin ƙanensa. Yaya ya ce shi ɗakinsa lafiya lau, wanda ruwa ke zuba wa shi zai gyara. Ƙane ya ce ai ramin ba a kansa ya ke ba. Suna cikin wannan gardama ruwa yana aikinsa: ya jiƙa kan katanga, ya ruɓar da bakin azara, ya sauka gindi. Da marka ta zo, an yi kwana 3 rana ba ta fito ba, sai katangar tsakiya ta zauna, ta tafi da ɗakunan duka biyu. Manyanmu suna tune da watan Agusta na 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta fashe, ruwa ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a birni da ƙauye. Ruwa bai tsaya tambayar wanda ya gaji kashi biyu da wanda ya gaji ɗaya ba.

MALAMAI SUN RIGA SUN RABA NAUYIN

Waɗansu suna tsammani wannan magana ba ta da hukunci, sai wanda ya fi ƙarfin baki. Ba haka ba ne. Littattafan da a ke karantawa a zaurukan malamanmu sun yi bayaninta tun da daɗewa. Tana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 996, tana kuma cikin Muhtasar na Shaihu Halilu na Masar, wanda ya rayu a ƙarni na 14. A wannan ƙarnin ma an yi wani magini a Tunis, a na ce da shi Ibnur Rami, alƙalai su kan aike shi ya dubo rigimar gini tsakanin maƙwabta, har ya rubuta littafi guda a kan hukuncin gine-gine. Tushen duk hukuncin ɗaya ne: ba a yarda ka cuci wani ba, ba a kuma yarda a cuce ka ba. Ga yadda aka raba.

Na ɗaya, gidan gado. In gida na mutane da yawa ne, ba a raba ba, kuɗin gyara yana kan masu shi, kowa gwargwadon rabonsa. Misali, mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza 2 da mata 2, ba wani magaji sai su. Kashi 6 ke nan. In gyara ya ci naira dubu 60, ko wane namiji zai ba da dubu 20, ko wace mace dubu 10. Wanda ya ci kashi biyu ranar rabo, kashi biyu zai ɗauka ranar gyara. In kuwa ginin irin wanda ba ya rabuwa ne, ɗaya daga cikin masu shi ya ƙi gyara, alƙali yana da ikon ya umurce shi ya gyara, in ya ƙi, ya sayar da rabonsa ga wanda zai gyara. Ba shi da ikon ya zauna ya harɗe ƙafa gida ya rushe a kan sauran.

Na biyu, bene. In ƙasa na wani ne, sama na wani, rufin da ke tsakaninsu, wanda shi ne rufin mai ƙasa, shi ne kuma daɓen mai sama, yana kan mai ƙasa. In ginin ƙasa ya yi rauni, shi zai tokare na sama har ya gama gyara. In ya kasa, a sa shi ya sayar wa mai iyawa. Matakala kuwa ba ta kansa, ta mai hawa ce. Shi kuma mai sama, rufin da ke kansa nasa ne, ba shi kuma da ikon ƙara gini mai nauyi a kan ɗan'uwansa, sai abu marar nauyi wanda ba zai cutar ba. Masu ɗora tankin ruwa da ƙarin ɗaki a kan tsohon gini, ku ji wannan da kyau.

Na uku, maƙwabcin katanga. Ba ka da ikon ka kafa sabon indararo ko ka miƙo bakin kwanonka ya riƙa zuba a tsakar gidan maƙwabcinka ko a gindin katangarsa. Ruwanka, ka nema masa hanya ta cikin gidanka ko ta rariya zuwa kwata. In maƙwabcinka yana bukatar shigowa ta gidanka don ya yaɓe katangarsa, ba ka da ikon hana shi, alƙali zai sa ka buɗe masa ƙofa. Sai dai shi ma ya yi sallama, ya ba matan gida lokaci su kimtsa kafin magini ya hau. In ya roƙi ya kafa azararsa a jikin katangarka, an so ka yarda, ko da ya ke a mazhabar Maliku ba a tilasta ka. In kuwa katangarka ta karkata, aka gargaɗe ka gaban shaidu, kana da halin gyara ka ƙi, ta faɗa ta yi ɓarna, biyan ɓarnar yana wuyanka.

Na huɗu, gidan haya. A nan sai ku buɗe kunne, gama abin da za mu faɗa ba zai yi wa 'yan haya daɗi ba, amma gara mu faɗa muku gaskiya. A mashahurin zancen mazhabar Maliku, ba a tilasta mai gida ya yi gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi: in yoyo ya kai ga cutarwa, yana da ikon ya warware hayar ya tashi. In kuwa ya zaɓi ya zauna a haka, kuɗin haya cikakke zai biya. In ya yi gyara da kuɗinsa ba da iznin mai gida ba, kamar ya yi kyauta ne, ba ya da hujjar cirewa daga kuɗin haya. Amma malaman nan ba su rufe ƙofa ba. Sun halatta a sa sharaɗi tun ranar ƙulla haya cewa gyara da yaɓe da yasar masai za a riƙa yi ne daga cikin kuɗin hayar. Kun ga ashe makamin ɗan haya ba ranar yoyo ya ke ba, ranar biyan kuɗi ya ke. Ran da kuɗin shekara ke hannunka, ran nan mai gida ke jin maganarka. Ko a kotun shari'a ko a ta majistare, abin da za a fara tambayarka shi ne: me kuka yi alkawari, ina takarda, su wa ne shaidu?

KU 'YAN KASUWA

Ku kuwa 'yan kasuwa, naku ya fi na kowa zafi, don abin da ke ƙarƙashin rufinku jari ne, wani ma na bashi. Ɗigon da zai jiƙa tabarma a gida a shanya ta bushe, in ya sauka a kan dilar atamfa ko shadda a Kwari, an karya mata daraja. In ya sauka a kan buhun sukari ko fulawa a Singa, an gama. In ya sami hatsi a Dawanau, sai fumfuna. In kuwa ya bi wayar lantarki, to, abin ya wuce asarar mutum ɗaya, layi duka ke cikin haɗari.

Layin shago 20 da kwano ɗaya, ba a gyara shi shago-shago. In na tsakiya ya ɗaga kwanonsa ya sa sabo shi kaɗai, ya buɗe wa na dama da na hagu baki. In na ƙarshen layi ya bar magudana ta toshe da leda, ruwan zai koma baya ya shiga shagon wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Sabo da haka ku fara sanin wanda ya mallaki ginin. In na wani attajiri ne kuna haya, ku je masa a ƙungiya, ba ɗaya-ɗaya ba. In na hukumar kasuwa ne ko na ƙaramar hukuma, wanda ke zuwa karɓar kuɗin rumfa ba ya makara, to, ku ma kada ku makara wajen tambayar gyara. Ku rubuta takarda, shugabannin layi su sa hannu, ku ajiye kwafi, ku ajiye rasiɗin duk abin da kuka biya. In kuwa shagunan naku ne, ku raba kuɗin bisa faɗin shagon kowa. Mai ƙofa biyu ya biya na ƙofa biyu. Bandir ɗin kwano falle 20 ne. In mutum 20 suka haɗu, falle ɗaya-ɗaya ne ya hau kansu.

INDA YOYO KE KAI TALAKA

Jama'a, ga dalilin da ya sa muka ce wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ku duba unguwanninmu na cikin birni da gefen kasuwanni. Gida nawa kuka sani wanda dā na talakawa ne, yau ya zama jerin shaguna? Yawancinsu ba da ƙarfi aka ƙwace ba. Ga yadda abin kan faru.

Tsoho ya rasu, ya bar gida. Shekara ta farko ba a yi yaɓe ba, sabo da ba a raba gado ba. Shekara ta biyu babban wa ya ce shi ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba. Wadda ke gidan miji ta ce ita ba ta kwana a ciki. Wanda ke Legas ko Abuja ya ce a jira shi sai Salla. Shekara ta uku zaure ya faɗi. Ta huɗu ɗakin tsohuwa ya bi. Gyaran da dā aikin yini biyu ne ya koma sabon gini, ba mai iyawa. Sa'an nan dillali ya yi sallama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillali kuwa ba ya taya gida, kango ya ke tayawa. A sayar, a raba, kowa ya karɓi abin da ba zai saya masa ko rabin fili a bayan gari ba. Mutumin da kakansa ya haifi ubansa a Ƙofar Wambai ko Jakara, mai zuwa kasuwa da ƙafa, ya koma ɗan haya a nesa, kullum yana biyan kuɗin mota kafin ya buɗe rumfa. Wanda ya fi shan wuya kuwa su ne tsohuwa da marayu da bazawarar da ta dawo gida, waɗanda ba su da bakin magana ranar ciniki.

Kun ga hukuncin nan na a gyara ko a sayar, wuƙa ce mai baki biyu. Yana kare wanda ke son gyara, amma in duk kuka yi sakaci, shi ne zai fitar da gidan daga hannunku. Sabo da haka ku san wani hakki da shari'a ta ba ku, watau shuf'a. In ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, sauran abokan tarayya suna da ikon karɓar rabon nan a kan kuɗin da aka sayar. Amma wannan hakki na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma wanda ke gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi. Kada a ce ba a gaya muku ba.

ABIN DA MU KE ROƘONKU

Ba mu tara ku don mu tsorata ku ba. Ga abin da mu ke ba da shawara, ba kuwa abin da ya fi ƙarfin talaka a ciki.

Da fari, a zauna tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Maris ko Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa, a tara duk mai hakki a gidan, maza da mata. Wanda ke nesa a buga masa waya, ya wakilta wani. Kada a yanke magana a zaure a bar mata a ciki, alhali kuwa suna da rabo, su ne kuma ke tare ruwan.

Na biyu, a kira magini ko kafinta wanda ba dangin kowa ba ne, ya hau ya duba, ya faɗi inda ruwa ke shiga gaban kowa. Dā can akwai Sarkin Magina da manyan magina da a ke jin maganarsu a irin wannan. Yanzu ma ba a rasa dattijon magini a unguwa. Bakin gwani ya kan kashe gardama.

Na uku, a raba aiki gida biyu. Ƙaramin aiki na shekara-shekara, kamar share indararo da kwarin kwano, da toshe ramin kusa, da yaɓe, muna ganin ya dace mazauna gidan su ɗauka, gama su ke cin moriyar inuwar, ba su kuwa biyan haya. Babban aiki, kamar sauya katako ko azara ko kwano ko tayar da katanga, a raba bisa rabon gado, da na gida da na waje. Wannan shawara ce ta zaman lafiya, in kowa ya yarda.

Na huɗu, wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi. Ya kwaɓa ƙasa, ya ɗebo ruwa, ya miƙa kwano, a ƙimanta masa aikinsa a cire daga rabonsa. Aikin gayya bai mutu ba sai in mu muka kashe shi. Rabon maraya kuwa, in yana da dukiya, mai kula da shi ya fitar. In babu, mai hali ya ranta, a rubuta, ko ya bar wa Allah.

Na biyar, a yi asusun rufi. Ku da kuka iya adashi na biki da na suna, ku yi na kwano. Kaɗan-kaɗan ko wane wata, a hannun amintacce, da littafi. Da kaka a ke tara abin da za a kashe da bazara.

Na shida, duk abin da aka shirya a rubuta, da boko ko da ajami, shaidu 2 su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya fitar da kuɗinsa ya yi gyaran tarayya, ya sanar da sauran tukuna gaban shaidu, ya ajiye rasiɗi. Ɗan haya kada ya buga ko kusa ɗaya da niyyar cirewa daga haya sai mai gida ya yarda a rubuce. Takarda ba rashin yarda ba ce. Mai mantuwa ta ke tunasarwa, ta kuma tsare 'ya'yanmu bayan ba mu.

Na bakwai, in magana ta ƙi daɗi, a bi ta daki-daki. A fara da dattawan gida, sa'an nan limamin unguwa da mai unguwa, a kasuwa kuwa shugabannin layi da na ƙungiya. In ta faskara, Hukumar Hisba tana yin sulhu. Kotu ita ce ta ƙarshe. Ba muna hana ku neman hakkinku ba ne, amma ku tuna shari'a tana iya cin wata da watanni, damina kuwa ba ta jiran ranar da alƙali ya sa. Ko kun kai ƙara, ku rufe ramin tukuna, ku rubuta abin da aka kashe, a yi lissafi daga baya.

Ku kuma masu gidajen haya da ke cikinmu, gama mun san akwai ku a nan, waɗansunku ma talakawa ne da ɗaki 3 ko 4 su ke ci da iyali, kada ku fake da cewa ba a tilasta ku ba. Ɗan haya in ya gaji zai naɗe tabarmarsa ya tashi. Katangar da ruwa ke ci kuwa taku ce, ba ta tashi ta bi shi.

'Yan'uwa, mu kan ce talaka ba shi da gata sai ɗan'uwansa talaka. To, wannan magana a gida a ke fara gwada ta. Mutanen da suka kasa haɗa kai su toshe ramin kusa a kan ɗakin uwarsu, da wuya su haɗa kai a kan abin da ya fi wannan girma. Iyayenmu da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba a littafi suka gani ba. Sun ɗaura jinka a ƙasa, sun kira maƙwabta, an sa hannu an ɗaga an aza.

Sabo da haka in kun koma gida yau, kafin ku shiga ɗaki, ku ɗaga kai ku dubi sama. Gobe da safe ku ari tsani. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa a kan yoyon bara, ya je ya yi masa sallama, ya ce, "Yaya, hadari ya kusa, zo mu hau mu duba." In ya ƙi, ka koma jibi tare da dattijo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da dukiyarmu, Ya bar zumunci.